Littafi, manhaja, malami ko yawan bugawa: wanne zai fitar da kai daga sahun 'yan koyo a bakgamon?

Akwai wani tudu da kusan duk mai buga bakgamon, wasan allo na mutum biyu da ake tafiyar da 'ya'ya bisa jifan dayis biyu, yake kaiwa ya tsaya cak. Dokoki ka san su. Ka san idan jifan farko ya ba ka 3-1 gida na biyar za ka kama, 4-2 gida na huɗu, 6-1 gida na bakwai, 6-5 kuwa sai ka ɗauko ɗa guda daga can ƙurya ka ruga da shi. A cikin abokanka kai ne gwani. Rannan sai ka zauna da wanda ya iya da gaske, ya yi ta cin ka a hankali ba hayaniya, ka tashi kana cewa dayis ne ya bi shi. Ni ma na daɗe ina faɗin haka. Wasan da kansa ne yake ba mutum wannan mafaka, domin ko zakaran duniya ɗan koyo yana iya cin sa wasa ɗaya ko biyu, kuma mummunan taku yakan haifi nasara idan jifa ya zo daidai. Wannan rubutu na wanda ya gaji da ɗora wa dayis laifi ne, yana da ɗan lokaci da ɗan kuɗi, amma ya rasa inda zai zuba su: littafi zai saya, manhaja zai sauke, malami zai nema, ko kuwa ya ci gaba da bugawa a intanet har hannunsa ya faɗa?

Abin da zan auna da shi

Tambayoyi huɗu kowa zai yi: nawa abin zai ci, zai daɗe yana amfani ko nan da nan zai tsufa, yana da sauƙin shiga, kuma wace ɓarna zai iya yi. Ta biyar tawa ce, kuma a wurina ta fi sauran nauyi: shin hanyar tana nuna maka kuskurenka kai da kanka, tana kuma gaya maka dalili?

Na fifita wannan ne saboda abin da ya rage maka ka koya ba shi da yawa, zurfi ne da shi. Akwai sanin irin wasan da kake ciki: tsere ne, ko ginin katanga ta gidaje a jere, wadda idan ta kai shida ba ɗan da zai tsallake ta, ko farmaki a kan ɗan da ka buge tun bai sami wurin tsayawa ba, ko riƙe turke, wato gidan da ka kama da 'ya'ya biyu a ɓangaren abokin karawa, kana jiran ya bar maraya, wato ɗa guda shi kaɗai da za a iya bugewa, ko kwanton ɓauna da turke biyu bayan an yi maka nisa. Akwai lissafin jifa 36 da dayis biyu ke iya bayarwa. Marayan da ke taku shida daga ɗan abokin karawa, idan hanya a buɗe take, jifa 17 ne ke buge shi. Wanda ke taku bakwai, jifa 6 kacal. Taku ɗaya ne ya raba su. Sannan akwai dayis ɗin ninki, da ake miƙa wa abokin karawa ya karɓa a ci gaba kan ninkin maki ko ya sallama wasan, mai lambobi daga 2 zuwa 64, wanda aka shigo da shi wasan a New York cikin shekarun 1920. Nan ne masu matsakaicin hannu suka fi zubar da maki ba su sani ba.

Ga wani matsayi da zan riƙa gwada kowace hanya da shi. 'Ya'yanka biyu suka rage, ɗaya a gida na 5, ɗaya a gida na 2. Abokinka shi ma biyu suka rage masa, dukansu a gidansa na 1, wato ko me ya jefa ya fita. Kai ne da jifa, dayis ɗin ninki yana tsakiya ba wanda ya taɓa shi, kuma ba a bakin ƙarshen karawa kuke ba. Yawancinmu ko kallon ninkin ba ma yi, sai mu girgiza kofi mu jefa. Alhali ninkawa ce daidai. Jifa 19 cikin 36 ne ke fitar da 'ya'yan biyu: 14 masu ɗauke da 5 ko 6 ba tare da 1 ba, sai tagwaye biyar daga 2-2 zuwa 6-6. Rinjayen siriri ne, kashi 53 cikin ɗari, amma jifa ɗaya ya rage a wasan, ninkin da ka miƙa masa ba zai ƙara masa wani makami ba. Ka riƙe wannan a ranka.

Littafi

Wurin ba da dalili ba abin da ya kama ƙafar littafi. Wanda aka fi ambata shi ne na Paul Magriel mai suna Backgammon, da ya fito a 1976, shekara biyu kafin marubucin ya zama zakaran duniya. Har yau ban ga wanda ya fi shi iya bayyana yaushe ake taka-tsantsan yaushe ake kasada ba: ka duba wa ya fi gidaje a rufe, wa ke da turke, wa ya fi 'ya'ya a baya, sannan ka yanke. Shi ne kuma ya cusa wa mutane darajar gida na biyar na ɓangaren abokin karawa, har ya kira shi gidan zinariya.

Sai dai littafin ya riga kwamfuta zuwa. A 1992 Gerald Tesauro na kamfanin IBM ya fito da TD-Gammon, manhajar da ta koyi wasan ta hanyar karawa da kanta har ta kusa kamo manyan gwanaye, ta kuma tayar da maganganun da aka ɗauka an rufe. Da jifan farko na 4-1 ko 5-1, gwanayen wancan zamani sukan ajiye maraya a gidansu na biyar da fatan rufe shi a jifa na gaba. Manhaja ta nuna raba 'ya'yan baya biyu ya fi. A 2-1 kam har yau kusan kunnen doki ne. Daga baya Jeremy Bagai ya bi tsofaffin littattafai da manhaja, ya tattara kurakuransu a littafi guda a 2001. To ka ga ƙarkon littafi kashi biyu ne: salon tunaninsa yana daɗewa, amma amsoshinsa ɗaiɗai suna tsufa. Mai son wanda aka rubuta bayan zuwan manhaja, wanda kuma ya shiga lissafin ninki sosai, sai ya nemi Backgammon Boot Camp na Walter Trice, na 2004.

Kuɗinsa sau ɗaya ake biya, ko da yake wasu an daina buga su, na hannu kuma yakan yi tsada. Sauƙi fa da sauƙi-sauƙi: yawancinsu da Turanci suke, kuma sai ka saba da rubutun taku irin 24/23 13/9. Haɗarinsa shi ne ka karanta shi kamar labari, kana gyaɗa kai a kowane shafi, ka rufe ba abin da ya zauna. Sai ka shimfiɗa allo a gabanka, ka jera matsayin, ka rufe amsar da hannu, ka yanke naka tukuna.

A gwajinmu littafi zai ba ka tushen abin. Zai ce maka wanda aka ninka wa yana buƙatar kashi 25 ne kawai ya karɓa, kuma ya nuna maka ta yaya: a wasa huɗu, idan ka sallama duka ka rasa maki 4, idan ka karɓa duka, aka ci ka uku kan maki bibbiyu, ka ci ɗaya, 6 ne suka fita 2 suka dawo, asarar 4 ɗin ce dai. Zai ba ka ƙa'idar dogon tsere ta 8, 9, 12: idan saura taku 100 gare ka, ka ninka in abokinka na da 108, shi kuma ya karɓa har zuwa wajen 112. Abin da littafi ba zai taɓa sani ba shi ne jiya da daddare ka sami wannan matsayi ka wuce shi.

Manhaja

Nan zan daɗe, domin nan ne maganar take. Bayan TD-Gammon an yi JellyFish da Snowie a shekarun 1990, amma yau uku ake zance. GNU Backgammon kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac. eXtreme Gammon, da aka fi sani da XG, ta Xavier Dufaure de Citres, ta fito a 2009, ana biya sau ɗaya, babbar sigarta ta Windows ce, akwai kuma ƙaramar ta waya. Ita ce mafi yawan 'yan gasa suke auna kansu da ita. BGBlitz ta Frank Berger ita ma tana da ƙarfi, kuma ba ta zaɓen irin kwamfuta. Gaskiyar magana, a matakin da kake dukansu sun fi ka nesa ba kusa ba, bambancin ƙarfinsu ba zai taɓa shafar ka ba. Bambancin da za ka ji a jikinka na fuska ne: XG ta fi daɗin sha'ani, GNU sai ka yi haƙuri da ita kwana biyu kafin ka gane inda komai yake.

Amfaninsu ba a karawa da su yake ba, a binciken da suke yi bayan an gama ne. Manhaja tana bin wasanka taku-taku, ta nuna maka abin da ya fi a kowane jifa da kuma nawa ka zubar. XG tana ɗaukar asarar 0.080 na maki ɗaya zuwa sama a matsayin babban kuskure, ta shafa masa ja. A ƙarshe ta ba ka maki guda da ake kira PR, wato matsakaicin abin da kake zubarwa a kowace shawara. Ƙanƙantarsa ita ce kyansa: manyan gwanayen duniya a ƙasa da 5 suke, mai matsakaicin hannu yakan yi yawo a sha wani abu. Kyan wannan maki shi ne ba ruwansa da sa'a. Kana iya shan kashi 7 da 0 PR ɗinka ya fi na wanda ya ci ka kyau. Idan matsayi ya yi wuya kuma, kana iya sa ta ta buga shi sau dubu ko fiye daga nan har ƙarshe, ta kawo maka sakamako.

A gwajinmu, manhaja za ta tsaya cak a kan jifan ta ce ka zubar da 0.056 da ba ka ninka ba. Ba ja ba ne, amma kuskure ne. Da ka ninka abokinka ya tsorata ya sallama, shi nasa ya kusa 0.9, wato ya yar da kusan wasa guda cur. Ta faɗi lamba ta yi shiru. Dalili kuwa ba za ta ba ka ba, kuma nan ne raminta yake.

Na faɗa ramin nan da kaina. Wata da watanni ina bugawa, in buɗe bincike, in ga ja, in ce "af, haka ne fa", in danna sabon wasa. PR ɗina bai motsa ba. Ranar da na fara kwafe kowane jan kuskure a fayil guda ina rubuta layi ɗaya a ƙasansa, sai abin ya ba ni kunya: kusan rabinsu abu ɗaya ne. Duk lokacin da nake da turke, abokina kuma allonsa a buɗe, sai in ƙi barin maraya, in tura 'ya'yana can gida na ɗaya da na biyu inda ba su da sauran amfani, don kawai kada a buge ni. Tsoro ne, ba rashin sani ba. Manhajar ta daɗe tana nuna mini, ni ne ban tara su wuri guda ba. Wata dabara da ta taimake ni: idan amsar ta ɗaure maka kai, ka matsar da ɗa guda taku ɗaya, ko ka buɗe wa abokin karawa gida guda, ka sake tambaya. Inda amsar ta juya, nan dalilin yake ɓoye.

Wani abu kuma, za ka zargi manhajar da maguɗin dayis. Kowa ya yi. Mai iya jera 'ya'yansa jifa da yawa ne ke yi masa kyau, shi ya sa kake ganin kamar kullum abin da take so take samu. In zuciyarka ta ƙi kwanciya, GNU da XG duk suna barin ka jefa dayis naka na hannu ka shigar da lambobin. Za ta ci ka dai.

Bugawa a intanet

Wannan ita ce hanyar da ta fi daɗi, kuma ita ce ta fi yaudara. Tun 1992 aka buɗe dandalin bugawa na FIBS, yanzu ga irin su Backgammon Galaxy, inda kana gama karawa bincike yake fitowa. Shiga kyauta ne ko da ɗan kuɗin wata, abokin karawa ba ya yankewa dare da rana. Mutane kuma suna yin abin da manhaja ba ta yi: suna sallama wasan da ya kamata su karɓa, suna karɓar wanda ya kamata su gudu, ka koyi karanta su.

Amma ka duba gwajinmu. Matsayin ya zo, ba ka ninka ba, ka jefa 6-3, ka ci, ka ji daɗi, ka wuce. Me ka koya? Ka koyi cewa abin da ka yi daidai ne. Wasa dubu a haka kuskure dubu ne da aka yi wa siminti. Sauran haɗarin sanannu ne: sauri yana zama ɗabi'a, haushin mugun jifa yana sa ka buga goma a jere ba ka cikin hayyacinka, akwai masu leƙen manhaja a ɓoye, kuma wasu shafukan caca ce tsagwaronta aka lulluɓe da sunan wasa. Ba ka buƙatar sa ko sisi don ka koyi ninki, karawar maki ta ishe ka. Sharaɗina ɗaya ne: kada ka buga a shafin da ba ya ba ka bincike ko damar sauke wasanka ka kai wa manhaja.

Malami

Shi ne mafi tsada, awa-awa ake biya, kuma in ka daina biya ya tsaya. Amma shi kaɗai ne yake haɗa biyun da nake nema: ya ga kuskurenka, ya kuma ba ka dalili. A gwajinmu ba lamba zai karanta maka ba, tambayar ka zai yi me ya hana ka kallon ninkin, daga amsarka ya gano wasu wurare goma da wannan tsoron yake cin ka. Abin da ya ɗauke ni watanni da fayil ɗina, malami mai ido zai gan shi a zama biyu. Haɗarin shi ne iya wasa daban iya koyarwa daban. Ka nemi ganin PR ɗinsa a karawa masu yawa, ka yi zama ɗaya na gwaji, kuma kada ka je hannu rabbana: ka tafi da karawarka goma da aka riga aka bincika, in ba haka ba kuɗinka zai ƙare a abin da littafi zai gaya maka.

Kulob da gasa

A kan allo na gaske ba allon kwamfuta da zai ƙirga maka taku. Kowa da taku 167 yake farawa, daga nan lissafin a kanka yake, sau da yawa agogo yana tafiya. A nan ne kuma za ka ji yadda makin karawa yake juya shawarar ninki, da dokar Crawford da ta hana ninkawa a wasa guda bayan wani ya kai saura maki ɗaya. Kuɗin shiga da na tafiya ne matsalarsa, kuma ba ko'ina ake samu ba. Wanda bai samu ba, gasar duniya da ake yi a Monte Carlo tun 1979 ana nuna ta a YouTube da sharhi. Ka sami karawar irin su Masayuki Mochizuki na Japan, zakaran 2009 da 2021, ka riƙa tsayar da bidiyon kana yanke naka kafin ya taka.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari | Kuskurenka | Dalili |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Littafi | sau ɗaya | tunani na daɗewa, amsoshi na tsufa | sai da allo da haƙuri | karatu ba aiki | ba ya gani | yana bayarwa |
| Manhaja | kyauta ko sau ɗaya | shekaru | GNU da ɗan wuya, XG da sauƙi | kallon ja a wuce | tana gani duka | ba ta bayarwa |
| Intanet | kyauta ko na wata | muddin shafin na nan | mafi sauƙi | caca, sauri, maguɗi | sai da bincike | babu |
| Malami | mafi tsada | iya lokacin da kake biya | da sauƙi | gwanin da bai iya koyarwa ba | yana gani | yana bayarwa |
| Kulob da gasa | shiga da tafiya | ya danganta da wuri | sai an samu | kashe kuɗi kafin a shirya | wani lokaci | daga bakin abokai |

Wa ya dace da wanne

In ba ka da ko kwabo da za ka kashe, GNU Backgammon da fayil ɗin kurakurai sun ishe ka shekara guda cur, ka haɗa da kallon gasa. In abu ɗaya tak za ka iya saya kuma ba ka taɓa karanta komai a kan wasan ba, littafi za ka saya, ba manhaja ba, tunda manhajar akwai ta kyauta amma dalili ba ya zuwa kyauta. Magriel in takun 'ya'ya ne ke ba ka wuya, Trice in ninki ne. Wanda ya riga ya karanta, yana kuma nufin shiga gasa, XG ta cancanci kuɗinta, ko don ya riƙa magana da ma'auni ɗaya da sauran 'yan wasa.

Mai kuɗi marar lokaci ya nemi malami, amma bayan ya tara karawarsa. Haka ma wanda PR ɗinsa ya tsaya wuri guda wata shida duk da yana bincike: wannan akwai abin da idonsa ba ya gani, sai na wani. Wanda kuma yake cin mutane a waya amma bai taɓa ƙirga taku da kansa ba, ya kashe ƙidayar da ke gefen allo tun yanzu, kafin ranar da zai zauna gaban mutum da agogo.

Saura wanda yake bugawa awa uku kullum a intanet, yana mamakin me ya sa ba ya gaba. Shi ba abin da zai saya. Ya rage bugun zuwa awa ɗaya, ya ba sauran biyun ga wasan da ya riga ya buga, ya fara da waɗanda ya ci.